Cire ragowar fata bayan rage ƙiba: magani ne ko kwalliya, kuma wa zai biya?

Malam Tukur: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in faɗi ra'ayina a fili kan maganar da muke ta yi a tsakaninmu mazauna Ingila, wato ko ya dace hukumar lafiya ta NHS ta ɗauki nauyin tiyatar cire fatar da ke saura tana reto a jikin wanda ya rage ƙiba mai yawa. Ni dai a ganina bai dace ba. Tun da aka kafa NHS a 1948 da harajin jama'a ake tafiyar da ita, kuma kuɗin nan yana da iyaka. A watan Satumban 2023 ayyukan jinyar da ake jira a asibitocin Ingila sun haura miliyan 7.7, kuma a cikin masu jiran akwai dattijon da kwatangwalonsa ya lalace har ba ya iya hawa bene, da tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani. Duk awar da aka ɗauka a ɗakin tiyata ana gyara wa wani ciki, daga irin waɗannan aka ƙwace ta. Wanda ya rage ƙiba ya riga ya samu babban rabo, suga ya sauka, hawan jini ya lafa. Abin da ya saura kyan gani ne, shi kuwa kyan gani aikin aljihun mai shi ne.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Tukur. Ni aikina jinya ne, irin wadda ake bi gida-gida ana wanke ciwo, saboda haka ba zan yarda a kira wannan abu kyan gani ba. Mutumin da ya zubar da kilo hamsin ko sittin, fatarsa ba ta komawa yadda take, domin ta daɗe a miƙe har ƙarfin tsukewarta ya ƙare. Fatar ciki takan zubo ta rufe mara, wani lokaci ta sauko har cinya. Idan ka ɗaga ta da hannu biyu, abin da za ka tarar a ƙarƙashi shi ne wuri ja jawur, a jiƙe da gumi, fata ta saɓe, ga wari, ga ƙaiƙayi mai hana barci. A wanke, a tsane, a shafa magani, a sa ƙyallen da zai raba fata da fata, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, musamman lokacin zafi. Idan ƙwayar cuta ta shiga ciki sosai sai an kwantar da mutum ana ba shi magani ta jijiya. To, wannan zirga-zirgar wa yake biyan kuɗinta shekara da shekaru? Harajin nan dai da kake karewa.

Baffa Isuhu: Ni tambayata ta addini ce, 'ya'yana. Shin wannan bai shiga cikin canza halittar Allah ba? Ina jin nauyin a ce da harajin da nake biya ake yanka jikin mutum domin ya yi kyau.

Malam Nura: Allah ya ƙara girma, Baffa. Malamai sun raba tsakanin ƙawata jikin da yake lafiya lau da kawar da aibin da ke cutar da mai shi. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, ta halatta tiyatar da ake yi domin maido da gaɓa siffarta ta asali ko kawar da lahani, ta hana wadda ake yi don son zuciya kawai. Fatar da ke ruɓar da jikin mutum, take wahalar da shi wajen tsarki da wankan janaba saboda sai ya bi kowane lungu da ruwa sannan ya tsane shi, ba na shakkar cewa cire ta yana cikin ɓangaren da aka halatta. Amma halascin aikin daban, wanda zai biya daban, kuma wannan na biyun shi ne abin da Malam Tukur ya ɗauko.

Maman Ilham: Bari in yi magana a matsayin wadda abin ya shafa kai tsaye. NHS ce ta yi mini tiyatar rage tumbi, bayan likitoci sun tabbatar cewa nauyina da ciwon suga sun kai matakin da ƙa'ida ta tanada. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara wa NHS ƙa'idojin jinya, ita ce ma'aunin BMI, wanda ke auna nauyi da tsawo, ya kai 40, ko kuma 35 idan akwai wata cuta mai alaƙa da ƙiba, kuma ga baƙar fata 'yan asalin Afirka irinmu ana rage 2.5 daga waɗannan lambobi, saboda cututtukan suna kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba. Na bi duk abin da aka gindaya mini, na canza cimata, na rage kusan rabin nauyina. Da na koma da matsalar fata, sai aka ce wannan aikin ba a saba biyansa ba, sai dai likitan unguwa ya rubuta takardar neman tallafi na musamman, ya nuna cewa halin da nake ciki ya bambanta da na sauran masu irin matsalata. Aka ƙi, bisa dalilin cewa abin da nake fama da shi kowa a cikinsu yana fama da shi. Wato yawanmu shi ne ya zama hujjar hana mu. Malam Tukur, wanda ya gina maka ɗaki bai yi rufi ba, ba za ka ce ya gama aiki ba. Kuma kada a manta, waɗanda ke zaune da biza a cikinmu suna biyan haraji kamar kowa, sannan tun Fabrairun 2024 ana karɓar fam 1,035 a shekara daga yawancin baligai a matsayin kuɗin lafiya na baƙi. Ba sadaka muke roƙo ba.

Malam Tukur: Allah ya ƙara sauƙi, Maman Ilham, kuma ba na raina wahalarki ko kaɗan. Amma ki dubi abin da ke tafe. A 2023 NICE ta amince da allurar rage ƙiba ta Wegovy, a ƙarshen 2024 ta amince da makamanciyarta Mounjaro, kuma mutane da yawa suna saye da kuɗinsu ba tare da sun jira NHS ba. Masu rage ƙiba mai yawa za su ninka, kowannensu kuma ba wuri ɗaya ne fatarsa ta saki ba: ga ciki, ga damtse, ga cinya, ga ƙirji, kuma yawanci ba a haɗa su duka a aiki ɗaya. Idan aka buɗe ƙofar nan, a ina za a tsaya? Sannan aikin kansa ba wasa ba ne, ɗinki yakan buɗe, ruwa yakan taru a ƙarƙashin fata, jini yakan daskare a jijiyar ƙafa.

Anti Rabi: Inda za a tsaya ai sananne ne, Malam, domin aiki biyu ne ake cakuɗa su a baki. Akwai wanda ake yanke labulen fatar da ya zubo kawai a ɗinke, ba a taɓa tsokar ciki, ba a sake wa cibiya mazauni. Akwai kuma cikakken gyaran ciki, wanda ake ɗaure tsoka a daidaita siffa. Na farkon shi nake cewa magani ne, kuma shi ya kamata a biya wa duk wanda ciwon fata ya ƙi ƙarewa a jikinsa ko fatar ta hana shi tafiya da aiki. Hukumar NICE da kanta ta ce masu tiyatar ƙiba su ba marar lafiya bayani ko hanyar samun irin wannan aiki idan ya dace, kuma ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Birtaniya, BAPRAS, ta fitar da jagora a 2014 domin a daidaita sharuɗɗan a ko'ina. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne har yau ba a daidaita ba. A Yulin 2022 hukumomin lafiya na shiyya guda 42 ne aka damƙa wa rabon kuɗin a Ingila, kowace da ƙa'idarta. Wata za ta duba ka idan nauyinka ya tsaya cak na tsawon lokacin da ta yanka, ba ka shan taba, kuma akwai shaidar ciwo mai dawowa. Wata kuma ƙofar a rufe take sai ta waccan takarda da aka ƙi wa Maman Ilham. Mutum biyu masu ciwo ɗaya, masu biyan haraji ɗaya, adireshin gida ne kawai ya raba su.

Malam Nura: Akwai wani lissafi kuma da ban ji an ambata ba. A asibitin kuɗi gyaran ciki yakan fara daga wajen fam 5,000 ya yi sama, shi ya sa da yawa suke hawa jirgi zuwa Turkiyya neman sauƙi. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta yi gargaɗi cewa akwai 'yan ƙasar da suka rasu bayan tiyata a can, waɗanda suka dawo da ɗinki a buɗe kuwa sashen gaggawa na NHS suke nufa, kuma ba a kore su. Haka nan matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji NHS tana sake gina mata shi, ba wanda ya kira wannan kwalliya. Ina tsoron abin da ya raba su a zuciyar mutane shi ne zaton cewa mai ƙiba shi ya jawo wa kansa, alhali ba a tambayar mai shan taba ko mai tseren babur wannan tambaya kafin a yi masa aiki.

Malam Tukur: Idan maganar ta tsaya kan yanke labulen ciki ga wanda takardun asibiti suka tabbatar ciwonsa ya ƙi jin magani, da sharaɗi guda a duk faɗin ƙasa, wannan zan iya zama da shi, domin lissafinsa yana iya fita. Damtse da cinya da ƙirji kuwa ina nan kan bakana.

Maman Ilham: Cinya ma tana gogar juna har ta fashe, Malam, kuma wadda ba ta iya tafiyar rabin awa ba za ta iya riƙe nauyin da ta sha wuya ta sauke ba. Ni abin da nake so a auna shi ne cutarwar, ba sunan gaɓar ba.

Anti Rabi: Kafin a kai ga haka, Maman Ilham, ki sake nema, domin ana iya sabunta buƙatar idan an samu sabuwar shaida. Duk lokacin da fatar ta saɓe kada ki tsaya a kan man da kika sayo a kantin magani, ki je wurin likitan unguwa ya gani da idonsa ya rubuta, domin abin da ba ya cikin fayil masu yanke hukunci ba sa ƙirga shi. Ki nemi a riƙa auna nauyinki a asibiti ana rubutawa, ki samo rubutacciyar ƙa'idar hukumar shiyyarku da ke shafinsu na intanet, ki kai wa likitan ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar da zai rubuta.