Shekaru takwas na Bush: me ya same ku a lokacin?

Ɗan tasi, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ɗana ya tambaye ni yadda mulkin George W. Bush ya kasance, an ba su aikin makaranta a kai. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Don Allah wanda ya ga 2001 zuwa 2009 da idonsa ya faɗa mana abin da ya same shi.

Ni dai ina bakin aiki a Manhattan, a birnin New York, ranar harin 11 ga Satumban 2001. Makonnin da suka biyo baya na cire hulata, carbin da ke rataye a madubi ma na sauke shi. Fasinja zai shigo ya karanta sunana a jikin lasisi, ya yi tsit har mu isa. Ban manta ba, kwana shida bayan harin Bush ya je masallaci a Washington ya ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, hankalinmu ya ɗan kwanta. Amma a watan Oktoba ya sa hannu a dokar Patriot Act ta yaƙi da ta'addanci, sai ga mutane suna tsoron jefa sadaka a akwatin masallaci, kada a ce sun tallafa wa ta'addanci.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:
Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da na gani daban ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kafin 2004, idan gwaji ya nuna mutum yana da ƙanjamau, abin da kawai muke iya yi shi ne mu ba danginsa haƙuri su koma gida da shi. Magani akwai, talaka ne ba ya iya saye. Da shirin PEPFAR na yaƙi da ƙanjamau ya iso, wanda Bush ya nema wa dala biliyan 15 na shekara biyar, aka fara ba da maganin kyauta. Akwai wata baiwar Allah da 'yan'uwanta suka kawo a ɗauke, ta rame ƙwarai, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Bayan wata shida ta shigo da ƙafarta, goye da yaro, ta kawo mana gyaɗa a ƙullin leda. Sai da na shiga ɗakin ajiye magani na yi kuka.

Tsohon malamin makaranta, Yamai:
Hajiya, Allah ya saka muku. Amma kin san a jawabin da ya sanar da wannan shiri, ranar 28 ga Janairun 2003, a cikinsa ya ce Saddam na Iraƙi ya nemi yuraniyom daga Afirka? Mu ake nufi, Nijar. Ina zaune a fada da rediyo na ji ana ta kiran sunan ƙasarmu, jikina ya yi sanyi. Takardun da aka ce sun nuna cinikin na jabu ne, har da sa hannun ministan da ya bar kujera tun 1989, kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta faɗi haka a watan Maris. Bai hana ba, kafin watan ya ƙare bama-bamai sun fara sauka a Bagadaza. Makaman ƙare dangi da aka ce akwai, ba a same su ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Maman yara uku, Greensboro, Amurka:
Mu a aljihu muka ji shi. A 2005 banki ya ba mu bashin gida ba tare da dogon bincike ba, muka yi ta murna. Ashe kuɗin ruwan mai tashi ne. A 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4, aka rage wa maigida awowin aiki, biyan wata ya fi ƙarfinmu. Gwamnati ta aiko da cakin tallafi, bai kai mu ko'ina ba. Aka ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, mu kuwa muka kwashe kayanmu muka koma haya.

Ɗan tasi, Bronx:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Akwai ɗan'uwanmu Bahaushen Sudan da aka sa ya je rajista ta musamman da gwamnatin Amurka ta tilasta wa baƙi maza 'yan wasu ƙasashe a ƙarshen 2002, aka ɗauki hoton yatsunsa. Zan kira shi yau ya zo ya ba da nasa da bakinsa.