Tsire Na Kira, Ista Da Saura

Mai Keke, Bukuru:
Salama gare ku. Larabar Toka, ranar da muke fara azumin Kirista na kafin Ista, ta faɗo 5 ga Maris, 2025, Ista kuma sai 20 ga Afrilu. Mun kai tsakiya, ga kukana. Mai amsa ya riƙe amsa-amon.

Ranar da Fada ya sa mini toka,
Na ɗau alkawari babu jinkirtawa.
Na bar nama, na bar kayan zaƙi,
Ci sau ɗaya, sai rana ta kai faɗuwa.
Makon farko da ƙarfi na shiga,
Yanzu ga gwiwa tana ta sacewa.
In na sauke fasinja a Terminus,
Hayaƙin tsire ke tare ni da gaisuwa.
Iyaye, yayye, ku ba ni dabara,
Ista da nisa, ciki yana ta kuwwa.

Ɗan Tudun Wada:
Yayana, kai har kana da abin bari?
Ashe kai ne attajirin unguwa!
Tun da mai ya tashi a 2023,
Nama da tukunyata ba sa haɗuwa.
Gwate da safe, gwate da dare,
In azumi ne, na daɗe da farawa.
Baba Katikis, ni me zan bari?
Abin da babu, yaya ake ƙyalewa?

'Yar Zumuntar Mata, Unguwar Rukuba:
Ni 'yar cocin ECWA ce, tambaya gare ni,
Ba don faɗa ba, neman ƙaruwa.
Matiyu 6 ya ce shafa mai, wanke fuska,
Kada a ga alamar yunwa ko ƙishirwa.
To yaya toka ta hau bisa goshi,
Har kasuwar Faringada ana nunawa?

Baba Katikis, malamin koyar da addini a coci:
Kun tara mini aiki, 'ya'yana. Bari in fara da 'yata.

Toka ba tutar mai azumi ba ce,
Mai zunubi ne ke shaidar tubawa.
Ganyen dabinon bara aka ƙona,
Wanda muka ɗaga da Hosanna da rawa.
Farawa 3:19, turɓaya kake,
Ga turɓayar nan kuma za ka komawa.
Yini ɗaya ne, ruwa ya wanke ta,
Sauran sai Uba a ɓoye ke dubawa.

Kai kuma Mai Keke, kayan da ka ɗora wa kanka ya fi wanda ikilisiyar Katolika ta ɗora maka. Abin da ta wajabta shi ne azumin Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu) ga mai shekara 18 zuwa 59, sai ƙaurace wa nama kowace Jumma'a daga shekara 14. Ƙarin da ka yi na son ranka ne, kuma madalla. Sai dai ka lissafa: kwana 46 ne kafin Ista, a cire Lahadi 6, saura 40. Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi. Ka riƙa shan ruwa kuma, rayukan mutane kake ɗauka cikin zafin Maris.

Ɗana, Yesu ya yi arba'in a jeji,
Da yunwa ta kama shi Shaiɗan ya zo gwadawa.
Ya ce ya mai da duwatsu gurasa,
Da Nassi ya kore shi, ba da kokawa.
Kuɗin tsiren da ka hana wa bakinka,
Ina ya kwana? Ishaya 58 na tambayawa.
In aljihu ya koma, tsimi ka yi,
Sai ka kai shi ƙofar gwauruwa.

Kai kuma mai gwate, kana da harshe,
Mun san aikinsa in an taru a inuwa.
Akwai ɗan'uwan da kuka daina magana,
Kafin Ista ka je masa da gaisuwa.

Ɗan Tudun Wada:
Haba Baba, a bainar jama'a?
Ka danna daidai wurin da ke ƙunawa.
Da cewa ka yi in bar gwaten ma,
Da tuni na amsa babu tsayawa.
Shi ya ci bashina, ni zan gaishe shi?
To, zan je. A taya ni da roƙawa.

Mai Keke, Bukuru:
Na gode Baba. Wani abu ma ya ƙara mini ƙarfi:

Maƙwabcina tun 1 ga Maris ya kama nasa,
Ko ruwa ba ya sha sai an kira magariba... 

Amsa-amo ya kuɓuce mini, ku yi haƙuri, yunwa ce. Bari in gyara:

Jiya ya aiko mini ƙosai da kunu,
Ya ce mai azumi da mai azumi 'yan'uwa.

'Yar Zumuntar Mata, Unguwar Rukuba:
Baba, na ji, ko da yake a cocinmu
Toka ba ta cikin abin da ake shafawa.
Mai Keke, kuɗin nan kada ya yi ƙafa,
Muna da gwauraye uku da ke jirawa.
Jumma'a in kun tashi addu'ar Hanyar Gicciye,
Biyo ta Rukuba, buhun acca za ka ɗaukowa.

Mai Keke, Bukuru:
An gama, Mama, kuɗin mota ma na yafe. Amma ku sa yaro ya jira ni a bakin titi, don akwai wani mai tsire a kwanar layinku, kuma ya san lambar kekena.