Meri ta ba mu ɗaki da littattafai 600 a Garwa, amma ba mai shiga. Ta ina za a fara?

Sakataren Unguwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin laburare. Meri, wato ofishin magajin gari, ta ba kwamitin unguwarmu aron ɗaki ɗaya, mita 6 a kan mita 8, rufin kwano ba silin, ga littattafan kyauta wajen 600, yawancinsu na Faransanci, rabi har yanzu a cikin kwali. Masu aikin sa kai uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, Litinin zuwa Juma'a, amma sai a wuni mutum biyar ba su leƙo ba. Ga dogon hutu na tafe. Wane shiri ne zai jawo yara da iyaye? Yaya ake ba da aron littafi ba tare da ya salwanta ba? Sai kuma maganar wuta, don ɗakin ba mita. Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Laburare, Marwa

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga shiri, lokacinku ne bai yi ba. Kun ɗauki lokacin ofis, wato daidai sa'ar da yaro ke lekol, uba ke kasuwa, uwa ke fama da tukunya, ga kwano ya ɗau zafi. A watan Maris zuwa Mayu, da Garwa ke haura digiri 40, wa zai zauna ƙarƙashin kwano ba silin da tsakar rana don ya karanta labari?

Ku juya abin. Lokacin karatu ku buɗe bayan la'asar zuwa magariba, sai Laraba tun daga azahar tunda ana tashi da wuri, sai Asabar da safe. A hutu kuma, safiya daga 8 zuwa 11, a rufe, a dawo bayan la'asar. Amma fa sai kun zauna da malaman allo da na Islamiyya na unguwar tukuna. Da zarar sa'arku ta ci tasu, iyaye Islamiyya za su zaɓa, kuma ku ne za ku zama abin zargi. Alhamis da Juma'a makarantar allo na hutu, don haka babban shirin yara ya faɗa waɗannan ranaku.

Kada ku tara shiri da yawa. Mutum uku abu uku za su iya riƙewa har ƙarshen hutu.

Na farko karatun labari ga 'yan shekara 5 zuwa 10. Minti 30 zuwa 40, yara kada su wuce 25, a tabarma, a inuwar darbejiya idan akwai. Mai karantawa ya riƙe littafin a gefen kafaɗarsa hoton na kallon yara, ya karanta shafin da Faransanci, ya tsaya ya tambaye su da Hausa ko Fulatanci me suka gani, me zai faru gaba. In ya zarce da Faransanci zalla, kafin shafi na huɗu na baya sun fara tsunkulin juna. Minti 10 na ƙarshe a ba kowa littafi ya buɗe da hannunsa, ko da hoto kawai yake kallo. Kuma a allon sanarwa ku rubuta "karatun labari", kada ku rubuta "tatsuniya", don akwai kakannin da har gobe ba su yarda a yi tatsuniya da rana ba.

Ƙarancin littafin harshen gida ba hujja ba ce. African Storybook da Bloom Library na da labaran yara da Hausa da wasu harsunanmu, ana saukewa kyauta. A buga gaba da baya a takardar A4, a ninka, a ɗinke tsakiya da zare, a sa bango mai kauri. Kwafi biyar-biyar na labari goma sun fi kwafi ɗai-ɗai na labari hamsin, don yara su riƙa bi tare.

Na biyu bita ga masu jarrabawar CEP ta ƙarshen firamare, da BEPC da Probatoire da Bac na sakandare. Wannan shi ne ke sa uba ya san da zamanku. Ku tara tsoffin takardun jarrabawa, kowane darasi da jakarsa, asali ba ya fita ɗaki, fotokofi ake aiki da shi. Ɗaliban jami'a da ke gida a hutu, na Garwa ko Marwa ko Ngaundare, sukan karɓi aji ɗaya a mako idan an ba su takardar shaidar aikin sa kai.

Na uku sa'ar mata, da hantsi, sau biyu a mako, mace ce kaɗai ke tsaron ɗaki. Kada a fara da "a, b, c" na allo. A fara da rubuta suna, karanta katin asibiti, lissafin adashi, duba saƙon kuɗi a waya. Matar da ta iya karanta saƙon kuɗinta ba sai ta miƙa wa yaron maƙwabta ba, ba ta fashin zuwa.

Tsohon Direkta

Malama ta gama magana a kan lokaci. Zan ɗauki aro.

Kayan aiki ba tsada: babban kaye (littafin rubutu) na rajista, hatimin roba, katuttukan kwali, farin gam. Kowane littafi a ba shi lamba a jere, daga 1 har 600, lambar ba ta maimaituwa ko da littafin ya ɓace. A buga hatimi wuri uku: shafin farko, shafin ƙarshe, da wani shafi na ciki da kuka zaɓa, a ce 21 a kowane littafi. Wanda ya yage na farko don ya kai kasuwa ba ya tuna na ciki. A manna aljihun takarda a cikin bangon baya, a sa katin da ke ɗauke da lamba da sunan littafin. Idan an ara, a zare katin, a haɗa da katin mai aro, a jera a akwati bisa ranar dawowa, ba bisa suna ba. Da safe kana buɗe akwati ka ga waɗanda wa'adinsu ya cika.

Littafi ɗaya, kwana 14. Wanda ya dawo da shi lafiya sau uku a ƙara masa zuwa biyu. Ƙamus da littattafan da ke cikin jerin ma'aikatar ilimi na bana ba sa fita, don su ne ke da kasuwa. A takardar rajistar yaro a rubuta unguwa, sunan mai gida, lambar waya, da sa hannun uba ko malamin aji.

Ni ina ganin a sa kuɗin rajista na shekara, ko kaɗan ne, da tarar jinkiri. Abin da aka samu a banza, a banza ake riƙe shi.

Malama Mai Laburare, Marwa

Baba Direkta, a gafarce ni, na yarda da kuɗin rajista ga manya, amma tara ga yara ita ke cinye littafi. Yaron da ya makara kwana goma, ya san ana binsa kuɗi kuma ba zai iya tambayar babansa ba, tura littafin yake ƙarƙashin katifa ya daina bi ta layinku. An yi asarar littafi, an yi asarar mai karatu. Gara a dakatar da aronsa daidai kwanakin da ya makara, sannan ƙarshen kowane zango a yi makon yafiya, a ajiye kwali a bakin ƙofa, kowa ya jefa ba tambaya. Littafi goma ko ashirin za su tafi a shekara duk dabararku, ku sa wannan a lissafi tun yanzu.

Abban Hauwa, Injamena

Ina gaida manya. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayanin Malam Sakatare shi ne kwalayen da ke ƙasa. Gara ba ta jira a gama taro. Ta ƙarƙashi take shiga, ta cinye ciki ta bar bango, sai ranar da aka ɗaga kwali a ga ƙasa na zuba. Yau ɗin nan a ɗora su kan bulo ko benci.

Kanta ta ƙarfe ta fi. In ta katako ce, ƙafafun su zama na ƙarfe. Hawan ƙasa ya tashi santimita 15 daga daɓe, bayan kanta ya bar bango da faɗin tafin hannu, yadda za a ga hanyar gara idan ta fara gini a kankare ta. Mita ɗaya na kanta na ɗaukar littafin manya 30 zuwa 35, don haka ku auna kafin ku je wurin mai walda. Na ƙananan yara ba a jera su a tsaye, a akwati ake sa su bango na kallon gaba, yaro hoto yake zaɓa. Kafin ruwan farko a hau a duba ƙusoshin kwano, kuma kada kanta ta tsaya ƙarƙashin taga. Littafin da ya jiƙe a tsayar da shi a buɗe a inuwa gaban iska. Rana na murɗe bango. Da hunturu a rufe kanta da yadi in an tashi, a goge da busasshen tsumma. Gyaran yaga kuma da farin gam na kafinta da siririyar takarda. Salatif na narkewa a zafinmu, ya bar tabo, shafuka su manne.

Sai tacewa. Kyautar da ke zuwa daga Turai sau da yawa akwai tsoffin littattafan makaranta da ba su dace da manhajarmu ba, da na kwamfuta da zamaninsu ya wuce. Ku fitar da su ba kunya. 350 masu rai sun fi 600 da ke rufe su. Tsarin Dewey na rarraba littattafai gida goma ya isa, daga 000 zuwa 900, a liƙa launi a ƙashin bayan littafi: addini 200, kimiyya 500, adabi 800, tarihi 900. Na Larabci a ware musu kanta. Mu nan Chadi da Faransanci da Larabci duk harsunan hukuma ne dole a yi haka, amma ko a Garwa kantar Larabci ce ke shigo da malamai, in sun shigo kuwa almajiransu na biye.

Idan wani gida ya kawo tsoffin takardun ajami a gafaka, kada a ɗinke, kada a manne su a leda, kada a ba da aro. Warwara suke, jerinsu na bin kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi. A ɗauki hoto bi da bi da izinin masu shi, a mayar musu.

Wanda ya samu shigowa Injamena ya leƙa laburaren CEFOD da cibiyar Al-Mouna ya ga yadda ake jeri. Shirin CLAC na ƙungiyar Francophonie, da aka fara a 1986, kusan abin da kuke so ne: littafi, jarida, wasannin tebur da majigi a ɗaki guda. Ku ma a Garwa kuna da Alliance, cibiyar harshe da al'adun Faransa, ku tura mutum ɗaya ya ga yadda suke rajista.

Mai Sola, Kuseri

Lissafin wuta a taƙaice. Ƙwai huɗu masu wat 9 na awa 4, wat-awa 144. Fanka biyu masu wat 30 na awa 6, 360. Kwamfutar cinya mai wat 45 na awa 4, 180. Cajin waya goma, kamar 100. Jimla kusan 800 a yini. Farantin sola na wat 300 da batir mai volt 12, amfiya 200, sun ɗauka, muddin ba a zuƙe batir ya wuce rabi ba. Abin da ke kashe shi uku ne: zafi, zuƙewa har ƙasa, da mai zuwa ya jona dutsen guga. A ajiye shi a ƙasa inda iska ke ratsawa, cikin keji mai kwaɗo. A wanke faranti da sassafe sau biyu a mako lokacin ƙura. Majigi ku nemi ƙarami na LED; babba mai fitila na jan wat 250 zuwa sama, zai kwantar da batir kafin a gama kallo. Amma in kuɗin bai kai duka ba, ku fara da silin ko zana a ƙarƙashin kwano, fanka ba ta maganin rufin da ke gasa kai.

Ba sai da intanet kullum ba. A sa Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba intanet, a kwamfutar, a sauke Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa sau ɗaya, ɗalibai su riƙa bincike.

Sakataren Unguwa, Garwa

Madalla, Allah ya ƙara sani. An ɗaga kwalayen. Saura abu ɗaya: wasu na cewa sai mun yi takardun ƙungiya kafin mu nemi tallafi. Haka ne?

Tsohon Direkta

Haka ne. Dokar ƙungiyoyi ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990. Ana kai sanarwa ofishin perefe (shugaban mulki na yanki) tare da kundin tsarin ƙungiya, rahoton taron kafawa da sunayen shugabanni, a karɓo rasit. Da shi ake buɗe asusu. Sannan ku nemi meri ta rubuta muku yarjejeniyar ɗakin: shekara nawa, wa ke gyaran rufi, littattafan na wa ne. Alkawarin baka na tafiya da magajin garin da ya yi shi.

Ku kuma roƙi jami'in rajistar haihuwa na meri ya zo ɗakin rana ɗaya cikin hutu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya zana jarrabawar CEP, wanda lokacin yi masa rajista ya wuce kuma sai ta kotu, iyaye da yawa ba su san hanyar ba sai an zo cike takardun jarrabawa. A sanar a masallaci ranar Juma'a, a sa wa maza safe, mata hantsi, kowa ya zo da katin asibitin haihuwa idan yana da shi.