Abin da dattawan matatar mai suka faɗa wa sabon injiniya a Yanbu

Daren Alhamis bayan Isha'i muka zauna a gidan wani ɗan'uwa a Yanbu, a Saudiyya. Wani yaro da ya gama karatun injiniyan kanikanci ya kawo tambaya: ya shiga ɓangaren injuna masu juyawa, famfuna da kwamfuresoji, ko ɓangaren tankuna da bututu?

Malam, wanda ya daɗe a matatar mai, ya ce masa: "Ɗana, fara da famfo." In famfo ya soma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kada a yi saurin zargin boris. Sau da yawa mai ne bai isa bakin shiga ba, sai kumfa ta taso ta riƙa fashewa tana cin farfela. A duba rariyar bakin shiga tukuna. In kuma sil ɗin da ke hana mai fita yana yoyo a kai a kai, galibi famfo da motar lantarkin da ke juya shi ne ba su daidaita ba.

Wani ya musa, ya ce takardun shaidar ƙwarewa na API (cibiyar man fetur ta Amurka) masu lamba 510 da 570 na duba tukwanen matsi da bututu sun fi buɗe ƙofa, ko a matatun Jubail ko na Ras Tanura. Ni dai ina ganin yana da gaskiya, amma sai injiniya ya yi aƙalla shekara ɗaya a aikin duba kafin ya zana jarrabawar.

Abu biyu ba a yi gardama a kansu ba. Yaron ya je ya yi rajista da hukumar injiniyoyin Saudiyya da wuri, don iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Kuma kada ya dogara da hanci kan iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai: in ta yi yawa, ba a jin warinta. Na'urar gano ta ta zauna a ƙirjinsa.