Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sprint"?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata lakwal nan Damagaram, kuma na yi wa 'yan matan ajina alkawarin ba su labarin Wilma Rudolph da Hausa zalla. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: abin da Faransanci da Ingilishi suke kira "sprint", gudun mita 100 ko 200.

Ga matar, don ku san nauyin abin da muke nema wa suna. An haife ta a 1940 a jihar Tenesi ta Amurka. Shan inna ya kama ƙafarta ta hagu tana ƙarama, ta yi shekaru da ƙarfe ɗaure a ƙafar, sai wajen shekara 12 ta rabu da shi. Mu da muke ganin yaran da cutar nan ta nakasa suna tura kekensu da hannu a bakin kasuwa, mun san abin da wannan yake nufi. Yarinyar nan ce ta je Roma a 1960 ta ɗauko zinariya uku a gasar Olamfik: mita 100, mita 200, da gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Da garinsu Kilaksbil ya shirya mata tarba, ta ce ba za ta halarta ba muddin za a ware baƙaƙe da farare, dole aka haɗa su wuri ɗaya. Ta bar gasa a 1962, ta koma koyarwa, ta rasu a 1994.

Jiya da na fara tambaya, mutane da yawa sun ce "tseren gajeren zango", kamar yadda ake ji a rediyo. Ba kuskure ba ne, amma bai kwanta mini ba. Mu nan unguwa guda gare mu mai suna Zango, inda a da ayarin raƙuma ke sauke kaya. Zango tafiya ce ta haƙuri, a yi a huta a ci gaba. Ya faɗi tsawon fili, bai faɗi wutar da ke cikin gudun ba. Wilma ta cinye mita 100 cikin daƙiƙa 11, ina haƙuri ya shigo nan?

Wani ya kawo "gudun tsira". A'a, wannan na mai tsoro ne.

Abin da nake gani shi ne sukuwa. Duk wanda ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya ga abin: mahayi ya saki linzami, doki ya zabura da dukan ƙarfinsa tun takun farko, ƙura ta tashi, kafin ka haɗiye miyau ya iso. Fili kaɗan, ƙarfi duka, ba a ajiye komai don gaba. Don haka na ce "sukuwar ƙafa", mai yin ta kuma ɗan sukuwa ko 'yar sukuwa.

Kawuna ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Ɗiyata, za ki haɗa 'ya mace da doki?" Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, mutanen Italiya barewa suka kira ta, ba ta kuma ji zafi ba. Mu ma idan muka ce namiji zaki ne, yabo muke yi." Ya yi shiru, can ya ce to kada in yar da "ƙafa", don mai ji ya san mutum ake nufi. Na karɓa.

Saura abu ɗaya da nake son ku taya ni. Tamu Aminatu Seyni 'yar Nijar, wadda ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022, a baya ta yi gudun mita 400 ma. Zagaye guda ne cur na fili, kuma Turawa suna sa shi cikin "sprint". Sukuwa za ta iya ɗaukar wannan tsawon, ko a nan ne "gajeren zango" zai yi amfani? Masu dawaki na Birni, ku nake jira. Ranar Litinin zan shiga ajin.