Neman shawara: yini guda gare mu a Paris, yaya za mu yi da Louvre?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan ratsa Paris tare da Babanmu da ɗiyata mai shekara 12, kuma yini guda kacal muka ware wa gidan tarihi na Louvre. Baba na fama da ciwon gwiwa, ba ya iya doguwar tsayuwa. Yarinyar kuma ta kafe sai ta ga Mona Lisa da zanen Van Gogh. Sannan an ce mini mutum-mutumi marasa sutura sun cika wurin, ni kuwa ina jin nauyin Baba. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ta ina zan fara?

Wani da ya taɓa zama a Faransa:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kafin komai duba ranar, don Louvre ba ya buɗewa ran Talata. Laraba da Juma'a yana kaiwa ƙarfe 9 na dare, sauran ranaku 6 na yamma ake tashi. Ki sayi tikiti ta shafinsu na intanet ki zaɓi lokacin shiga. Yuro 22 ne tun 2024, amma daga Janairun 2026 an mayar da shi 32 ga baƙin da ba na Tarayyar Turai ko Norway, Iceland da Liechtenstein ba. Ɗiyarki ba za ta biya ba tunda ba ta kai 18 ba, sai dai ita ma ki kama mata lokaci. Kuma idan kun fita, kun fita ke nan, tikitin ba ya sake shigar da mutum.

Wata 'yar'uwa:
Ki lallashi yarinyar tun daga gida, babu Van Gogh a Louvre. Kayansu galibi sun tsaya ne a 1848, abin da ya biyo baya yana gidan tarihi na Musée d'Orsay a tsallaken kogin Seine. Mona Lisa kuwa tana Denon, ɗaya daga cikin ɓangarori uku na ginin, kuma gaskiya in ba ki shirya ba za ki ce "wai wannan ce?" Tsayinta santimita 77, faɗi 53, a kan allon katako Leonardo da Vinci ya zana ta, tana bayan gilashi, ga shinge, ga wayoyi a sama ko'ina. Kafin ki daidaita ido ma'aikaci ya ce a matsa. Ni abin da ya fi tsaya mini a ɗakin shi ne zanen da ke fuskantarta, na walimar auren Kana da Veronese ya yi, faɗinsa kusan mita 10, mutum sama da 100 a ciki har da karnuka a gaban teburi, amma kowa ya juya masa baya.

Wani dattijo:
'Yata, batun gwiwa kada ya dame ki. A ƙarƙashin dalar gilashin ƙofar shiga da aka buɗe a 1989 akwai inda ake aron keken guragu da kujera mai naɗewa kyauta, katin shaida kawai za ki ajiye. Mu tsofaffi mukan ƙi keken saboda girman kai. Ki karɓa ko ya ce a'a, bayan awa ɗaya da kansa zai nema.

Wata malamar tarihi:
Ni ban goyi bayan a ɓata safiya a layin Mona Lisa ba. Abubuwa wajen 35,000 ne a baje, don haka zaɓe ya zama dole, kuma ina ganin abin da zai kama hankalin Baba yana wani wuri. Ku sauka sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, shi ma a Denon yake. Ku nemi ɗan gwangwanin hauren giwa da aka sassaƙa wa al-Mughira, ɗan halifan Kurɗuba ta Andalus, a shekarar 968. Hannu biyu za su rufe shi, amma an cika jikinsa da zakuna da mahaya, ga rubutun Kufi ya zagaye murfin. Akwai kuma babbar tasar tagulla ta zamanin Mamluk wadda maƙerinta, Muhammad ibn al-Zain, ya sa hannu a jiki, daga baya gidan sarautar Faransa suka riƙa yi wa 'ya'yansu baftisma da ita. Daga nan ku nufi ɓangaren Richelieu ku ga baƙin dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya haura mita 2, da manyan bijimai masu fukafukai da kan mutum na fadar Khorsabad. Nan ba cunkoso sosai, akwai wurin zama. Batun tsiraici kuwa, ya fi yawa a ɗakunan Girka da Rum da na sassaƙa. Ba za a ce ba za ku ci karo da ko ɗaya ba, amma da taswirar da ake bayarwa kyauta za ki kauce wa mafi yawa.

'Yar'uwar da ta yi bayanin Mona Lisa ta dawo:
Malama, yarinya ce fa. In ta koma makaranta aka tambaye ta Mona Lisa ta ce ba ta gani ba, uwar ce za ta sha ƙorafi. Su kama lokacin ƙarfe 9 na safe su nufi can kai tsaye kafin jama'a su taru, sauran yinin na Baba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe Talata ce ranar da muka ware, yanzu zan mayar da ita Laraba. Saura abu ɗaya: ƙaramar akwatin tafiya za su bar mu mu shiga da ita?

Wanda ya zauna a Faransa:
In ta wuce santimita 55 da 35 da 20 ba za ta shiga ba, ko ma'ajiyar kayansu ba ta karɓa. Ku bar ta a masauki.