Ɓeraye ma suna da CEA?

Ummi: Salam 'yan uwa, don Allah CEA ɗin nan, wato furotin ɗin da ake aunawa a jinin masu kansar hanji, ɓerayen lab ma suna da shi ne ko yaya ake gwajin a jikinsu?

Malam Sani: Wa alaikumussalam. Ɓera ba shi da irin namu, sai an dasa masa ƙwayar halittar gado ta mutum mai samar da CEA tukunna sannan a gwada rigakafin kansar hanji a jikinsa. Gold da Freedman ne suka gano CEA a Kanada, 1965.

Hauwa: Kuma Ummi ki kula da ɓerayen ApcMin, wato wani nau'in ɓerayen lab da ƙari (tumor) ke fito musu a hanji, ƙarin nasu yawanci a ƙaramin hanji yake fitowa mu kuwa a babban hanji, wallahi abin na damuna in ana kwatanta sakamako.

Ummi: Na gode Malam, Anti Hauwa Allah ya saka.